Yashi a Faten Edith

In da za a tara matan unguwar Kamazou ta Kaduna a ce wadda ta fi kowa iya riƙon uwa ta ɗaga hannu, Edith Shekari ba za ta jira a gama tambayar ba. Kuma ba za a ce cika baki take yi a banza ba, don kowa ya ga yadda mahaifiyarta, Mama Ladi, ta zo garin nan. Tsohuwa ta sauka daga mota a rame, ana ja mata hannu saboda yanar ido, zani ɗaya yana neman zagaye ta sau uku. Wata biyar bayan nan ga ta da kumatu, tana zuwa coci da ƙafarta, har tana gyara wa 'yan kwaya, mawaƙan cocin, baiti in sun kauce.

Edith sakatariya ce a wata ma'aikatar jiha, mijinta Benjamin kuma yana aiki a matatar mai ta wajen Rido. Bayan rikicin shekarar dubu biyu suka tattara daga arewacin gari, ƙetaren kogi, suka dawo kudu kamar sauran jama'a, suka yi gini a Kamazou lokacin rabin unguwar gonaki ne. Sojoji sun koma bariki, farar hula sun ƙara albashi, sai Edith ta ga lokaci ya yi da za ta rama duk abin da ta rasa tana yarinya. Ta sa tayil a kicin, ta sayi firij da murhun gas, ta kai yaranta biyu makarantar kwana. Abu ɗaya ya rage mata, ta ɗauko uwarta daga ƙauyensu na bayan Zonkwa ta ajiye ta kusa da ita.

Aikin ido ne ya buɗe mata ƙofa. Da aka yi aka gama, ido ya washe, sai Edith ta ce Mama ta zo ke nan. Yayanta Alexander, wanda tsohuwar take zaune a gidansa tun rasuwar babansu, ya zo har Kaduna aka yi ta ja-in-ja. Edith ba ta rage masa komai ba. Ta ce a hannunsa uwarsu ta zama ƙashi da fata, kullum fate, kullum ganye, kamar akuya. Alexander manomin citta ne, ba mai yawan magana ba. Ya saurare ta har ta gaji, sannan ya ɗauki hularsa.

"Uwa ba gona ba ce da za mu raba da igiya," ya ce. "In na gama cire citta zan dawo in tambaye ta da bakina. Inda ta ce tana so, nan za ta zauna. Ni da ke duk mu yi shiru."

Tun daga ranar Edith ta ɗaura ɗamarar ciyar da Mama. Ba ta yarda ta rasa ta ba. Shekara ashirin da wani abu tana ganin uwarta sau ɗaya a shekara, ranar Kirsimeti, a tsaitsaye, kuma ta san tsohuwa ba ta da wasu shekaru masu yawa a gaba.

To ku ji irin ciyarwar. Da asuba Edith za ta tashi ta haɗa shayi mai kauri da madarar gwangwani, ta yanka burodi ta shafe shi da bota, ta soya ƙwai. Ta cika kula da abincin rana, yau taliya da kifin gwangwani, gobe soyayyar shinkafa, jibi dankali da naman kaza. Ta jera a tire ta kai ɗakin Mama na baya, domin tsohuwa ba ta cin abinci a gaban surukinta, ko ruwa ba ta sha in Benjamin yana wurin. Sannan ta kama hanyar ofis. In ta dawo da yamma za ta tarar da kula a bakin ƙofar kicin, an wanke ta tas an kife.

"Mama, kin ci?"

"Na gode, 'yata. Allah ya sa miki albarka."

Kullum amsar ke nan, kullum kuma Edith ta wuce ciki da farin ciki. Da ta tsaya ta saurari amsar da kyau ko sau ɗaya, da ba mu da labari.

Kayan da tsohuwar ta zo da su daga ƙauye kuwa, ƙaramin buhun acha da daddawa da busasshiyar yakuwa, tun ranar farko Edith ta kai su sito ta tura bayan katan-katan. Ta ce, "Mama, kin huta da wannan wahalar." Ita a wurinta faten acha ba abinci ba ne, yunwar damina ce. Shi suka sha safe da yamma a shekarun da rumbu yake ƙarewa kafin sabon hatsi. Kuma ba ta manta ranar da 'yan ajinsu a makarantar kwana suka buɗe akwatinta suka toshe hanci saboda daddawar da uwarta ta ƙulle mata a ciki ba. Tun ranar ta rantse wannan warin ba zai shiga gidanta ba.

Ana saura kwana biyu Alexander ya zo, ranar Alhamis, Zumuntar Mata ta cocinsu ta yi taro na musamman. Sista Dorcas ce ta kawo shawarar, wata nas mai faɗin gaskiya ko da ɗaci, wadda ta gaji da auna hawan jini da ciwon suga a jikin matan da ba su kai hamsin ba. Ta ce kowace mace ta zo da ɗanɗanon abin da take dafawa a gida, ta faɗi abin da ta fi so, a koya daga juna.

Taro ya yi daɗi, ba ƙarya. Becky, 'yar Binuwai, ta ce ita in ba ta ci sakwara ba to azumi ta yi, ko da ta cinye tukunyar shinkafa. Wata daga Nasarawa ta kawo wake da manja da riɗi, aka yi ta wawaso ana lashe yatsu. Matar fasto ta amsa laifinta a gaban kowa, ta ce dunƙule shida take jefawa a miya ɗaya, aka kwashe da dariya. Sista Dorcas tana bi tana gyarawa. A rage suga, a rage soye-soye, a rage dunƙule a koma wa daddawa. A ci ganye, a ci wake, a ci acha, musamman tsofaffi da masu suga.

Edith ta ji maganar acha, ta taɓe baki a ɓoye. Ta zo da takarda da ta buga da kanta a ofis, ba kuskure ko ɗaya. Da aka kira ta, ta fito da sabon leshi ta karanta jerin abin da take ba mahaifiyarta daga Litinin zuwa Lahadi. Ta ce ita ba ta musu da Sista, amma tsoho yana bukatar abinci mai gina jiki, madara da ƙwai da nama, ba ruwa-ruwan da aka saba ɗura musu a ƙauye ba.

"Kuma ba sai na yi dogon bayani ba," ta ce. "Ga shaida a zaune. Mama, tashi su gan ki."

Mama Ladi tana can baya cikin tsofaffi. Ta yi kamar ba ta ji ba. Sai da na kusa da ita suka taɓa ta sannan ta miƙe a hankali, kanta a ƙasa. Aka tafa, wasu har da guɗa. Edith ta koma kujerarta tana jin kanta a sama.

Daga nan sai Celina ta ɗaga hannu. Celina 'yar Filato ce, gwauruwa, tana haya a wani ɗaki ciki da falo gida uku daga na Edith. Mijinta ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, masaƙar ta rufe, bai shekara ba ya rasu ya bar ta da yara huɗu. Edith ta san ta da gaisuwar hanya kawai, ba ta taɓa taka ƙofarta ba. Celina ta fito da 'yar tukunya a hannu.

"Ni ban iya magana ba," ta ce. "Gwate na kawo, faten acha ke nan irin namu. Amma kafin ku ɗanɗana, akwai godiyar da ta daɗe tana cina a rai. Madam Shekari ba ta son a sani, na gane, don ko a hanya muka haɗu ba ta taɓa nuna mini a fuska ba. Amma yau sai na faɗa. Wata biyar ke nan, kullum ta Allah, matar nan tana aiko Mama gidana da kula cike da abinci. Kullum! Yarana da ba su san ɗanɗanon bota ba, yanzu har sun san ranar kaza."

Edith ta waiwaya ta dubi inda Mama take zaune.

"Ni kuwa me nake da shi da zan rama?" Celina ta ci gaba tana share ido da bakin zani. "Sai ɗan gwaten nan da nake damawa da gauta da yakuwa. Na ji kunyar ba Mama, ta ce kar in damu, ita shi ne abincinta. Kwano biyu take shanyewa, wani lokaci har ta tafi da na yamma. Ita ce ma take rege mini achar, don hannunta ya fi nawa. Madam, Allah ya sāka miki. Allah ya sa 'ya'yanki su yi miki abin da kika yi wa nawa."

Celina ita kaɗai ce ba ta san abin da ta faɗa ba. Mata ba yara ba ne, kafin ta rufe baki kowace ta gama haɗa lissafinta, ta kalli takardar da ke hannun Edith, ta kalli kumatun Mama Ladi, ta kalli 'yar tukunyar. Wata a layin gaba ta yi tari wanda ba tari ba ne. Sista Dorcas ta buɗe baki, ta ga ba amfani, ta rufe. Uwar Zumunta, Allah ya yi mata albarka, ta ɗauko waƙar godiya da ƙarfi, aka kama ana tafi don a rufe abin.

Cikin waƙar Celina ta taho ta durƙusa a gaban Edith ta kama hannunta biyu. Nan ne fa Edith ta yi abin da ya fi komai ƙona mata rai daga baya. Ta buɗe baki ta ce, "Ba komai, Maman yara. Yi wa kai ne." Ta karɓi godiyar da ba tata ba, a cikin coci, a gaban uwar da ta san gaskiya. Ta so ƙasa ta tsage ta shige, amma ƙasar siminti ce, haka ta zauna har aka yi addu'ar rufewa.

Hanyar gida ba ta da nisa, amma ranar ta yi mata tsawo. Tana gaba, Mama tana baya. Sai da suka shiga ɗakin baya Edith ta rufe ƙofa ta zauna a bakin gado, takardar tana nan a hannunta ta zama tsumma.

"Mama, wata biyar? Me ya hana ki faɗa mini?"

Tsohuwa ta kwance ɗankwali ta ninke shi a kan cinya. "In faɗa miki me? A gidan surukina zan buɗe baki in ce abinci bai yi mini ba? A ina kika taɓa jin haka?"

"Ni ba surukinki ba ce. Ni kika haifa."

"Shi ya sa. Ina jin motsinki tun kafin zakara ya yi cara. Ina ganin yadda kike jera tire kina murna. Satin farko na ci, Allah ya sani na ci. Burodin ya tsaya mini a ƙirji, madarar ta kaɗa mini ciki, na yi kwana uku ina zarya bayan gida ba ki sani ba. Abinci kuma ba a zubar da shi, ba a mayar wa mai shi. Na leƙa na ga yara a gidan can suna lasar tukunya. To me zan yi?"

"Da kin ce in dafa miki fate."

Mama Ladi ta ɗago ta dube ta. "Ranar da na zo, da kika ɗauki ƙullin daddawata, da yatsa biyu kika riƙe shi."

Edith ba ta tuna ta yi haka ba, amma ta san ta yi. Ta sunkuyar da kai. Kunyar cikin coci ta mutane ce, gobe wani abin zai faru su manta. Wannan kuwa ba ta san inda za ta ajiye ta ba. Uwarta ta yi wata biyar tana fita daga gidanta da kula a ƙarƙashin mayafi tana neman abin da za ta ci a gidan gwauruwa, ita kuma tana ofis tana ba abokan aiki labarin yadda ake kula da tsofaffi.

"Jibi Yaya zai zo," ta ce da ƙyar. "Me za ki ce masa?"

"Jibi ba ta zo ba tukuna," in ji tsohuwa. Ta jawo Littafi Mai Tsarki ta buɗe, alamar magana ta ƙare.

Ranar Juma'a Edith ta ɓata takarda ta fi goma a ofis, ita da ake yabo da tsabtar aiki. Ranar Asabar da safe ta buɗe sito ta ture katan-katan ta jawo buhun acha. Ta yanke shawara za ta dama fate da hannunta, ta ajiye a gaban uwarta da yayanta. Ba ta tambayi Mama yadda ake yi ba, kunya ta hana. Zuwa gidan Celina kuwa, gara a ce ta shiga rijiya. Ta ce a ranta, abin da na sha shekara goma sha biyar ai ba zai gagare ni ba.

Ga inda gizo yake saƙar. Acha ƙwayarta ƙanana ce ƙwarai, kusan girmanta ɗaya da yashin da take kwasowa a masussuka. Ba a wanke ta kamar shinkafa. Regewa ake yi da ƙwarya biyu, a zuba ruwa, a riƙa juya ƙwaryar a hankali ana tsiyayar da achar cikin ɗaya, yashi yana kwantawa a ƙasan ɗayar, a zubar, a sake, a sake, har sai hannu ya shaida ba saura. Mace takan yi rabin safiya a kan mudu ɗaya. Edith ta sha gani tana yarinya, amma gani daban, yi daban. Ko ƙwarya babu a gidanta. Ta zuba achar a robar wanke-wanke, ta ɗauraye sau uku, ta ga ruwa ya fita fari, ta ce shi ke nan.

Sauran aikin kam ya yi kyau. Ta tafasa ƙashi, ta yanka gauta da albasa, ta jiƙa yakuwa, ta daka daddawa ta zuba tana kawar da fuska. Ƙamshi ya cika kicin ɗin tayil ya fita har falo. Sai ga Benjamin ya leƙo yana buɗe hanci.

"Kai! Yau wace rana? Rabona da jin wannan a gida tun ina saurayi. Kullum sai dai in je rumfar wata mata a bakin ƙofar wurin aiki."

"Kullum?" in ji Edith.

Benjamin ya ga ya yi suɓul da baka, ya sosa ƙeya ya ce bari ya je ya duba mota. Ashe duk gidan ita kaɗai ce ba ta san abin da mutanen gidan suke ci ba.

Wajen sha biyu Alexander ya sauka daga acaɓa da doya uku da zakara a hannu. Aka gaisa, aka tambayi mutanen gida da yadda citta ta yi bana. Benjamin ya zauna kaɗan, sannan ya ba da uzuri ya fita don surukarsa ta sake. Mama Ladi ta fito ta zauna a tabarma a tsakiyar falo, don ba ta yarda da kujerun Edith masu nutsewa ba. Alexander ya daɗe yana kallonta.

"Mama, ke ce kuwa?" ya ce. Ya juya ga ƙanwarsa. "Edith, ni ba na ƙin gaskiya. Na zo da maganganu a bakina, amma na haɗiye su. Kin riƙe ta. Abin da na kasa, kin yi."

Ga nasara ta zo har gida ta zauna. Abin da kawai ake bukata daga Edith shi ne ta yi shiru, kuma ta san Mama ba za ta taɓa tona ta ba. Ta ce bari ta kawo abinci, ta shige kicin da sauri.

Ta kawo faten a kwanuka uku yana tururi. Alexander ya yi dariya ya ce ashe 'yan birni ba su manta gida ba. Ya yi addu'a, ya ɗebo cokali guda ya kai baki. Sai aka ji ƙaras. Ya tsaya da tauna, ya dubi kwanon, ya dubi bango. Edith ta ɗebi nata ta ɗanɗana. Yashi ne, ba kaɗan ba, a kowane cokali, yana shiga tsakanin haƙora yana ƙara har cikin kunne.

Ta zabura ta miƙa hannu za ta ɗauke kwanon gaban uwarta. Tsohuwa ta dafe shi.

"Bar mini abincina."

"Mama, akwai yashi."

"Na ji."

Ta ci gaba da sha. Cokali bayan cokali, ba gaggawa, ba yamutsa fuska, da 'yan haƙoran da suka rage mata. Ba abin da ake ji a falon sai ƙaras, ƙaras. Alexander ya ce, "Haba Mama, za ki ƙarasa haƙoran naki." Ba ta ko kalle shi ba. Edith tana durƙushe a gefen tabarma, kowace ƙara ɗaya tana jin ta a jikinta. Sai da tsohuwa ta kai ƙasan kwano, ta sa yatsa ta suɗe gefe, sannan ta ajiye.

"Na ci," ta ce. "Gishiri ya yi daidai."

A nan Edith ta kasa. Ta juya ga yayanta, hawaye yana zuba, ta faɗa masa komai. Ta ce yabon da ya yi mata ba nata ba ne, na wata gwauruwa ce mai suna Celina, gida uku daga nan. Ta faɗi zancen kula, ta faɗi abin da ya faru a coci, har godiyar da ta karɓa ba ta ɓoye ba. Ta ce wannan kwanon mai yashi shi ne abinci na farko da uwarsu ta cinye daga hannunta tun satin da ta zo.

Alexander bai yi mata dariya ba, bai kuma ce ai na faɗa miki ba, ko da yake yana da hakkin faɗa. Da ya zage ta da ta fi samun sauƙi. Ya jima yana murza hularsa, sannan ya juya ga tsohuwa.

"To Mama, na yi alkawari zan tambaye ki. Ga ni, ga Edith. Ina kike so ki zauna?"

"Gida," in ji Mama Ladi, ba ta ko yi jinkiri ba. "Ina kewar ɗakina da 'yar gonata ta bayan gida. Ina so in mutu inda babanku yake kwance. Tun jiya na ɗaure kayana, suna bayan ƙofa."

Edith ta rufe fuska da hannu biyu. Ba ta da bakin roƙo, ta san ita ta jawo.

"Amma ba yau ba," tsohuwa ta ci gaba. "Ba zan tafi in bar mace mai shekara arba'in da biyu ba ta iya rege acha ba. Wannan abin kunyar ba nata ba ne, nawa ne. Lokacin da sa'o'inta suke bakin rafi da ƙwarya, ni na ƙwace ƙwaryar daga hannunta na ce ta je ta ɗauki littafi, kar ta ƙare kamar ni. Ta ji maganata, ta tafi, ta yi nisa. Yau kuma in zo ina jin haushin ba ta san abin da na hana ta koya ba? Ka koma, Alexander. Ranar da ta dama mini fate na sha ban ji yashi ba, zan aiko maka ka zo ka ɗauke ni."

Alexander ya gyaɗa kai. Ya ce abin da ta ce shi ke nan.

Edith ta sauke hannu daga fuskarta. Ta gane abin da aka ba ta, ta kuma gane iyakarsa. Uwarta za ta zauna, za ta koya mata, kuma ranar da hannunta ya ƙware ita ce ranar da za a fito da kayan nan daga bayan ƙofa. Ta matsa kusa da tabarma kamar yarinya.

"In na ƙi iyawa fa, Mama?"

Tsohuwa ta dube ta da idon nan da aka gyara, ta daɗe tana dubanta. Sannan ta tura mata kwanon da ba komai a ciki.

"To sai in ci gaba da cin yashi," ta ce. "Ƙaro mini."